Yadda Za Mu Taimaki Yaranmu Su Iya Faransanci



A nan Jambutu, kamar sauran unguwannin Garwa, yaro yana jin Hausa ko Barbarci a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji. Yawancin makarantun firamare da Faransanci suke koyarwa, shekara 6, daga ajin SIL zuwa CM2, kuma da shi ake rubuta jarrabawar CEP. Yaron da ba ya gane maganar malami yakan yi shiru a bayan aji, har a ɗauka daƙiƙi ne. Daga nan sai ya fara ƙin zuwa makaranta.

Ba sai kun iya Faransanci ba kafin ku taimaka. Kullum da yamma, ku sa shi ya faɗa muku kalma uku da ya koya, ya fassara muku su. Abin da yaro ya koya wa wani ba ya saurin mantawa. In kun aike shi shago, ya tambayi sabulu da gishiri da Faransanci. Ku bar yara, maza da mata, su yi wasa da 'yan ajinsu, don a wajen wasa baki ke buɗewa. In ya yi kuskure, kada a yi masa dariya.

Kada kuma ku daina yi masa tatsuniya da harshen gida. Yaron da ya saba ba da labari a gida ya fi saurin iya bayani a aji.

In zango ya ƙare yaro bai fara magana a aji ba, ku zo ofishinmu. Za mu raka ku wurin malami, mu yi muku tafinta.