Haraji Kaɗai Ba Ya Ƙera Waya

Tun ranar 2 ga Afrilun 2025 da Shugaba Donald Trump ya lafta wa kusan dukan ƙasashen duniya sabon haraji kan kayan da suke shigarwa Amurka, wata magana ta samu gindin zama a majalisu da shafukan sada zumunta. Wai ga namijin shugaba, da tsawa ɗaya zai kwaso masana'antun wayoyi da kwamfutoci daga Sin ya mayar da su gida. Sakataren kasuwancinsa, Howard Lutnick, ya fito a talabijin yana cewa aikin miliyoyin mutanen da ke ɗaura ƙananan sukurori a jikin iPhone Amurka zai dawo. A watan Mayu kuma Trump ya yi wa kamfanin Apple barazanar harajin kashi 25 cikin 100 muddin ba a Amurka ake ƙera wayarsa ba. A nan gida, da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Nijeriya a cikin watan, sai masu sharhi suka ce mu ma ga hanya: a toshe iyaka, a tsauwala kuɗin fito, masana'antu za su tsiro.

Abin da masu wannan tafi suka tsallake shi ne, ranar 11 ga Afrilu, kwana tara kacal bayan shelar, gwamnatin ta Amurka ta lallaɓa ta cire wayoyi da kwamfutoci daga mafi yawan harajin da a lokacin ya kai kashi 145 a kan kayan Sin. Tausayin Sin ne ya kama ta? Ina! Lissafi ne ya ƙi fita. Wani mai nazarin kasuwa, Dan Ives na kamfanin Wedbush, ya ƙiyasta cewa iPhone ɗin da aka ƙera kacokan a Amurka zai iya kai dala 3,500, ninki uku na kuɗinsa.

Dalilin a bayyane yake. Waya ɗaya taron ƙasashe ce. A Kalifoniya ake zana ta, kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera ƙwaƙwalwarta, sikirin daga Samsung da LG na Koriya ta Kudu, idon kyamara daga Sony na Japan. Sannan a tattara komai a kai Zhengzhou ta Sin, inda ma'aikatan kamfanin Foxconn sama da 200,000 ke harhaɗawa idan aiki ya kankama. Harhaɗawar nan da ake ta rigima a kanta ita ce mafi ƙarancin riba a duk sana'ar. Wannan kowa zai iya karantawa a ko'ina. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi masana'antun suka bar Amurka tun farko, kuma nan ne darasin yake.

Da hannunsu suka miƙa

A Amurka aka ƙirƙiro tiransisto, a ɗakunan binciken Bell, a 1947. A can aka fara sayar da ƙaramar rediyon da ke aiki da shi a 1954. Amma wani ƙaramin kamfani na Tokyo, wanda daga baya ya koma Sony, ya sayi lasisin fasahar a kan kimanin dala 25,000, kuma zuwa 1957 rediyonsa na aljihu ya shiga kantunan Amurka. Haka aka yi da bidiyo. Kamfanin Ampex na Kalifoniya ne ya fito da na'urar naɗar hoton bidiyo a 1956, amma da lokacin shigarta gidajen jama'a ya yi, Sony da JVC da Matsushita ne suka ci kasuwar.

Kamfanonin Amurka ba ƙwace aka yi musu ba. Su suka fara tattara komatsansu suna neman inda lebura ke da araha. Fairchild, ɗaya daga cikin iyayen sana'ar ƙwaƙwalwar na'ura, ya buɗe masana'anta a Hong Kong tun farkon shekarun 1960. RCA, sarkin rediyo da talabijin na zamaninsa, ya gudu daga Camden saboda ƙungiyar ƙwadago ya koma Bloomington a jihar Indiana a 1940. Da ma'aikatan can suka waye, sai ya tsallaka Ciudad Juárez ta Meziko a ƙarshen shekarun 1960, aka yi ta rage aiki a Bloomington har aka kulle ta a 1998. Motorola ya sayar wa Matsushita sashensa na talabijin a 1974. A shekarar ce Philips na Holan ya saye Magnavox.

Kuma kada a ɗauka ba a gwada kariya ba. A 1977 gwamnatin Jimmy Carter ta ƙayyade adadin talabijin mai kala da Japan za ta riƙa shigarwa. Me ya biyo baya? Japanawa suka kafa wuraren harhaɗawa a cikin Amurka da kayan da suke kawowa daga gida, saura kuma aka koma shigo da su daga Taiwan da Koriya. Kamfanin Zenith ya maka Japanawa a kotu a 1974 bisa zargin haɗa baki su karya farashi, aka shekara goma sha biyu ana tafka shari'a, Kotun Ƙoli ta juya masa baya a 1986. A 1995 LG ya saye mafi yawan hannun jarinsa, kuma daga nan babu sauran babban kamfanin ƙera talabijin mallakar Amurkawa.

Shi kansa Apple da masana'antunsa ya tashi. A Fremont ya ƙera Macintosh a 1984, ya rufe wurin a 1992. Ya sayar da masana'antarsa ta Colorado a 1996, ya daina harhaɗawa a Elk Grove a 2004. Tim Cook, wanda aka ɗauko a 1998, babban aikin da aka ba shi ke nan: ya raba kamfanin da ɗawainiyar masana'anta. Masu hannun jari suka yi ta murna, riba ta hau. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga abin da ke bin kwantenonin yana fita.

Abin da ya fita shi ne hannu. Duk masana'antar da aka rufe, tana tafiya da mai ƙera mazubin roba, da mai saita inji, da mai gwada inganci, da ɗan ƙaramin shagon da ke yanka mata sukuru, da malamin makarantar fasaha da ke horar musu da yara. Ɗa ya ga an sallami ubansa, ba zai gaji sana'ar ba. A ɗaya ɓangaren kuwa, Sin ta mayar da Shenzhen yankin tattalin arziki na musamman a 1980, Foxconn ya sauka can a 1988, ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, kuma duk tsawon lokacin tana yaye miliyoyin matasa daga makarantun koyon sana'a. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2012 cewa Apple ya taɓa buƙatar injiniyoyi 8,700 da za su kula da masu haɗa iPhone. Lissafinsa ya nuna sai an wata tara kafin a tara su a Amurka. A Sin cikin kwana 15 aka same su. Cook da bakinsa ya faɗa a Guangzhou a 2017 cewa Sin ta daɗe da daina zama ƙasar lebura mai araha, ƙwarewa ce ke riƙe da su. Ya ce injiniyoyin ƙera kayan aiki a Amurka da wuya su cika ɗaki guda, a Sin kuwa sai su cika filayen ƙwallo.

An gwada, an gani

Wanda yake ganin wannan duk uzurin 'yan jari-hujja ne, ya dubi gwaje-gwaje uku. A 2013, lokacin Motorola na hannun Google, ya buɗe wurin haɗa wayar Moto X a Fort Worth ta jihar Texas, ma'aikata suka kai kimanin 3,800. Kayan haɗin daga Asiya ake kawo su, kuɗin aiki ya yi yawa, ciniki bai kai ba. A watan Mayun 2014 aka sanar da rufewa. A shekarar 2013 ɗin dai Apple ya fara haɗa kwamfutar Mac Pro a Austin, sai aiki ya tsaya cik saboda sukuru: shagon da aka dogara da shi bai iya fitar da fiye da 1,000 a rana, dole aka aika Sin. Na uku shi ne na Foxconn a Wisconsin. A 2017 ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da ɗaukar mutum 13,000 su ƙera sikirin, jihar ta yi masa tayin rangwamen kusan dala biliyan 3, aka tashi mutane daga gidajensu, Trump da kansa ya je aza harsashi a 2018. Zuwa 2021 an sake yarjejeniya, jarin ya koma dala miliyan 672, guraben aiki 1,454.

Ba a ce babu abin da ke komawa ba. Dokar CHIPS ta 2022 ta ware kimanin dala biliyan 52, kuma TSMC ya fara ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a Arizona. Apple ya yi alkawarin kashe dala biliyan 600 a Amurka cikin shekara huɗu, ciki har da gilashin da Corning ke yi a Kentucky. Amma waɗannan ayyuka ne na inji da jari mai kauri, ba masu ɗibar dubban ɗaruruwan ma'aikata ba, kuma da tallafin gwamnati aka jawo na Arizona. Harhaɗa wayar kuwa da ta motsa daga Sin, Indiya ta nufa, ƙasar da ta fara haɗa iPhone a Bengaluru tun 2017, ta bi abin daki-daki, ta fito da tsarin biyan lada ga masu ƙera waya a 2020. Ko a can ɗin, da aka ruwaito Foxconn ya janye ɗaruruwan injiniyoyinsa 'yan Sin a tsakiyar 2025, sai da hankali ya tashi. Wato dai bayan shekara takwas, har yanzu gwanintar ta aro ce.

Mu fa?

Amurka da ke da wuta da jari da jami'o'i tana fama, to ina ga wanda ke lissafin awa nawa aka ba shi lantarki? Ai mun taɓa ɗanɗana irin wannan. An buɗe Peugeot a Kaduna a 1975, ga Fiat a Kano, ga Steyr a Bauchi, kuma yawancin sassan a akwati suke zuwa daga Turai. Da naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, kuɗin akwatin ya gagara, aiki ya durƙushe, domin ba mu gina masu ƙera sassan ba. A kusa-kusan nan ma, Mara Phones ya buɗe masana'antar waya a Kigali da Durban a 2019 da gagarumin biki, zuwa 2022 ta Durban ta kai ga gwanjo.

Abin takaici shi ne irin mutanen da Tim Cook ke kukan rashinsu, muna da tsironsu muna taka shi. A shiga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja a ga yaron da bai wuce shekara ashirin ba yana ɗaga aisi daga fanel da iska mai zafi, ya mayar da wani, matacciyar waya ta tashi. Ba gwamnati ce ta koya masa ba, maigidansa ne da bidiyon intanet. Kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen daga irin waɗannan rumfuna ta taso. Wayoyin nan masu layi biyu da ƙarar tsiya da muka riƙa yi wa dariya muna cewa 'yan Chana, daga yankin suka fito, kuma daga cikin wannan hayaniya Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, ya girma har ya mamaye kasuwar Afirka. Da ya tashi kafa wurin haɗa waya a nahiyar a 2011, Habasha ya zaɓa, duk da kasuwar da yake da ita a Nijeriya.

Don haka jami'an da ke ɗokin kwaikwayon Trump su sassauta da bikin yanke ƙyalle. Su fara zagaya kwalejojin fasaha na jihohi su ƙirga injin nawa ke tashi. Su kawo ƙarshen wulaƙancin da ake yi wa mai HND a gaban mai digiri, maganar da aka shekara da shekaru ana jan ƙafa a kanta. Hukumar NBTE da asusun ITF su shiga kasuwannin waya su gwada masu gyara, su ba su takardar shaida da banki zai karɓa. A ware ko da unguwar masana'antu ɗaya, Sharaɗa ko Challawa a Kano, a tabbatar mata da wuta dare da rana. A fara da abin da ake iyawa: caja, waya mai ɗaukar wuta, soket, fitilar sola, rediyo, kwalin da ake zuba su. Idan an sa kuɗin fito, a sa shi kan abin da muka riga muka fara yi, da wa'adi, kuma a sauke shi kan injuna da kayan haɗi.

Iyaye ma da nasu laifin. Uban da ke jin kunyar a ce ɗansa mai gyaran waya ne, ya gwammace ya zauna da kwali a gida yana jiran aikin ofis, ba shi da bakin tambayar me ya sa ƙasarsa ba ta ƙera komai. Sin ta kwashe shekara arba'in tana tara hannayen da Amurka ta watsar, kuma yau ga ƙasa mafi arziki a duniya tana nema da kuɗi da barazana ba ta samu ba. Namu hannayen suna nan a rumfunan kasuwa, ba sai an yi wa kowa tsawa ya dawo da su ba. Wuta da horo da mutunci suke jira, kuma ko ɗaya a cikin ukun nan ba a kwastan ake samun sa ba.