Tsakanin Magariba da Shiga Gidan Sauro

Idan ruwa ya zauna a watan Yuli da Agusta, duk mai zama a ƙofar gida bayan sallar magariba ya san abin da ke jiransa. Hira na tafiya, hannu na kai wa ƙwauri mari. Mai gadi, mai shayi, almajirin makarantar dare, matar da ke tuƙa tuwo a tsakar gida, dukkansu suna waje a lokacin da sauro ya fito neman jini. Gidan sauro mai magani shi ne kariya mafi inganci daga zazzaɓin maleriya, amma sai an shiga cikinsa yake aiki, kuma ba kowa ke shiga kafin goma ko sha ɗayan dare ba. Waɗannan awoyi uku ko huɗu su ne gurbin da maganin shafawa mai korar sauro yake cikewa.

Lamarin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 263 suka kamu da maleriya a shekarar 2023, kusan 597,000 suka rasu, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a Najeriya suke. Ba da dare kaɗai ake cizo ba. Akwai wani sauro mai zanen fari a ƙafa, wanda ke ƙyanƙyasa a randa da tsohuwar taya da gwangwanin da ruwa ya taru a ciki, shi da rana yake cizo, kuma shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. An samu ɓullar dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023. Mai barci a gidan sauro kullum ma bai tsira daga wannan sauron ba.

Macen sauro ce ke cizo, domin tana buƙatar jini kafin ta yi ƙwai. Tana gano mutum ta iskar da yake fitarwa a numfashi, da warin gumi, da ɗumin jiki. Maganin shafawa ba ya kashe ta. Rikita ta yake yi har ta kasa sauka a fatar da aka shafa. Wannan ya sa duk inda hannu bai kai ba a buɗe yake, ko da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

A kanti, mai saye yakan dubi sunan kamfani da hoton kwalba, alhali abin dubawa yana baya, a ƙananan rubutu: sunan sinadarin da ke aikin da yawansa cikin ɗari. Wanda ya fi daɗewa shi ne DEET. Ma'aikatar gona ta Amurka ce ta samar da shi a shekarun 1940 domin sojojin ƙasar, aka ba da izinin sayar wa jama'a a 1957, kuma har yau da shi ake auna sauran. Aibinsa shi ne maiƙo da wari, kuma yana narkar da roba, don haka yakan ɓata tabarau da agogon roba da wasu yadudduka na leda. Na biyu shi ne pikaridin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Ba shi da wari sosai, ba ya cin roba, kuma mai kashi 20 cikin ɗari yana kafaɗa da kafaɗa da DEET. Sai IR3535, shi ma ɗan Jamus, da kuma PMD da ake samu daga wani nau'in bishiyar turare mai ƙamshin lemon tsami.

Lambar kashin da ke jikin kwalba ta fi nuna tsawon lokacin da maganin zai yi yana aiki. DEET mai kashi 10 yakan kai kamar awa biyu, mai kashi 30 kamar awa biyar, kuma da an wuce kashi 50 babu wani ƙarin amfani na a zo a gani. Mai hirar ƙofar gida ƙarami ya ishe shi. Mai gadin da zai kwana a waje ko manomin da ke ban-ruwa a fadama da asuba shi ke buƙatar babba. A Najeriya a duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, a bar wa mai ita.

Akwai wani abu da umarnin da aka rubuta a Turai ba ya tunawa da shi, wato alwala. Wanda ya shafa magani da la'asar sakaliya, ya yi alwalar magariba, ya sake ta isha'i, ya wanke shi daga hannu da fuska da ƙafa, kuma sauron maleriya na yankinmu ya fi son ƙafa da idon sawu. Dabara ita ce a shafa bayan alwala idan fata ta bushe, a sake idan an sake alwala ko an yi gumi sharkaf.

Kakanni ba su zauna haka nan ba. Sun ƙona ganyen darbejiya da ɓawon lemo, har akwai ciyawar da suka raɗa wa suna sarakuwar sauro, don sauro na kauce mata kamar yadda suruki ke kauce wa surukarsa. Hayaƙin yana rage sauro, amma da iska ta kwashe shi shi ke nan. Haka man ciyayi masu ƙamshi da ake sayarwa, yawancinsu ba sa daɗewa suke bajewa. Igiyar leko tana taimakawa a baranda, sai dai a ɗaki rufaffe hayaƙinta na takura ƙirji, musamman ga jarirai da masu asma, ga haɗarin gobara idan ta taɓa katifa. Awarwaron roba da ake ɗaura wa yara, da manhajar waya mai fitar da ƙara wai don korar sauro, da cin tafarnuwa, duk gwaje-gwaje ba su nuna suna kare mutum ba.

Babban abin tsoro shi ne haɗa maganin jiki da gubar ɗaki. Fiya-fiya da ake durawa a ƙananan kwalabe galibi sinadarin DDVP ne, maganin ƙwarin gona, kuma yana shiga jini ta fata da ta numfashi. Alamun gubarsa sun haɗa da dalalar yawu, gumi, amai da sarƙewar numfashi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai ɗauke da wannan sinadari, a kasuwanni. Ba a shafa shi a jiki, ba a yayyafa shi a shimfiɗa, ba a zuba shi a kan yaro don kwarkwata.

Kan yara akwai iyaka bayyananniya. Jaririn da bai kai wata biyu ba ba a shafa masa komai. A lulluɓe shi da gidan sauro da tufa mai rufe hannu da ƙafa. PMD sai yaro ya cika shekara uku. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar kada DEET na yaro ya wuce kashi 30. Babba ne zai zuba a tafinsa ya shafa wa yaron, ya kauce wa ido da baki da ciwo, ya bar tafin hannun yaro tunda baki yake kai shi. Ba a shafawa a ƙarƙashin riga, ba a fesawa kusa da abinci, kuma idan an shigo kwanciya a wanke da sabulu. Mai juna biyu da mai shayarwa za su iya amfani da waɗannan magunguna bisa umarnin kwalba, kuma mai ciki ta fi kowa buƙata, domin maleriya na jawo mata ƙarancin jini da haihuwar jariri maras nauyi.

Ba sauro kaɗai ake shafa magani dominsa ba, har da kaska. Kaska kuwa halinta daban. Ba ta tashi, ba ta tsalle, tana maƙale ne a ciyawa ko a jikin dabba har mutum ya goge ta. A Amurka da Turai ana tsoronta saboda cutar Laim, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Konetikat inda aka lura da ita a 1975. A yankin Sahel abin damuwa shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda aka gani a Sudan da Senegal da Muritaniya, kuma yana iya kashe har huɗu cikin goma na waɗanda ya kwantar. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ba ta nuna alama, don haka makiyayi da dillalin kara da mahauci da mai kiwon ragon layya su ne a gaba. Ana kamuwa ta cizon kaskar, ko ta jininta idan an murƙushe ta da yatsa, ko ta jinin dabbar lokacin yanka.

Ga kaska, DEET ko pikaridin na kashi 20 zuwa sama ake so, tare da dogon wando da aka cusa a cikin safa. Akwai kuma fametirin mai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ake fesa wa tufafi da takalma a waje, a bari su bushe kafin a sa; ba na fata ba ne, kuma yana cutar da kyanwa idan bai bushe ba. Maganin wankan shanu ma na shanu ne. Bayan dawowa daga daji a duba hammata, bayan gwiwa, matse-matsi, cibiya, bayan kunne da cikin gashi.

Idan an sami kaska ta kafe, kada a ɗora mata garwashi ko kananzir ko man shafawa. A kama ta da ɗan hantsaki daf da fata, a ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Wanda zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani ya kama a cikin mako biyu bayan haka ya tafi asibiti, kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa kaska ta cije shi, don kada a ɗauka maleriya ce kawai.