Kafin Ka Tura Ƙaramar Katafila Gida Potiskum, Duba Waɗannan

'Yan uwa da yawa a Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan sun fara sa kuɗinsu a ƙaramar katafilar nan mai taya huɗu da ake kira Bobcat, su tura gida a riƙa ba da haya. A ganina sana'a ce mai kyau, amma mafi yawa farashi kawai suke tambaya, alhali aikin da za ta yi a can shi ya kamata ya zaɓar musu inji.

Asalinta ma don kwasar taki aka ƙera ta. A 1957 wasu 'yan uwa biyu maƙera a jihar Minnesota ta Amurka, masu suna Keller, suka haɗa wa wani mai kiwon talotalo injin share kashin tsuntsayensa. Kamfanin Melroe ya sayi fasahar, ya fito da mai taya huɗu a 1960. Ba ta da sitiyari: tayoyin gefe ɗaya su yi gaba, na ɗaya gefen su yi baya, sai ta juya nan inda take tsaye. Shi ya sa take shiga lungun da babbar katafila ba ta isa ta leƙa ba. Wanda ya san kasuwar shanun Potiskum, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ya san taki ba ya ƙarewa. Ga cikon filaye, baza burji da yashe magudanan ruwa kafin damina.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne hannun bokitin. Iri biyu ne. Akwai wanda ke tashi a lanƙwashe kamar baka, ya fi dacewa da tono da daidaita ƙasa. Akwai wanda ke tashi a miƙe, wanda bokitinsa ke kai wa cikin mota idan ya kai ƙololuwa. In lodin tifa ne abincinka, na biyun za ka nema. Yawancinsu kimanin mita 3 suke ɗagawa, don haka a sa wani a gida ya auna maka tsayin bodin tifofin da za a yi wa lodi kafin ka biya ko sisi. Injin da bai leƙa bakin tifa ba, ai ka sayi shebur mai tsada ne kawai.

Nauyin da aka rubuta tana ɗauka kuwa, rabin abin da zai kifar da ita ne. Bobcat S450, alal misali, wajen kilo 600 take ɗauka, kuma jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe nauyi sosai.

Mai sarƙar roba ta fi tafiya a rairayi da taɓo, gaskiya ne. Sai dai ni mai taya zan zaɓa: mai faci yana ko'ina, sarƙa kuwa in ta tsinke sai an jira Legas.

Sai maganar mai. Sababbin injunan da ke shigowa ta Apapa daga Turai da Amurka suna da matatar hayaƙi da kwamfuta, kuma tataccen dizal suke so. Ka ba su na bumburutu, su tsaya, bakanike ya rasa ta inda zai kama. Tsohon yayi marar tarkace, mai injin Kubota ko Perkins, ya fi sauƙin sha'ani. Kada kuma agogon awanni ya ruɗe ka, ana canza shi. A tayar da ita da sanyin safiya a gabanka, ka duba hayaƙi, ɗigar man haidurolik, da ko fil-fil ɗin hannu suna wasa.

In ciniki ya faɗa, ka biya ta Ladipo ka haɗa da matatun iska masu yawa, domin ƙurar hunturun Yobe ba ta raga wa inji, kuma tsakaninka da kayan gyara ya fi kilomita 1,000. Batun ɗauka, yi magana da direbobin tirelolin da suka sauke shanu za su koma gida.