Zumunta a Ƙafa Take: Kiran Bidiyo da Sada Zumunci Tsakanin Hausawa Mazauna Nesa

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sabawa da tafiya. Fataucin goro ya kai shi Gwanja, har zanguna suka kafu a Salaga da Kumasi. Hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta bar zuriyarsa a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno, ci-rani kuwa yana kai matasa Legas da Fatakwal duk shekara. Kowace tafiya takan bar iyaye da mata da 'ya'ya a gida. Wannan muƙala ta duba yadda kiran bidiyo ta wayar salula yake riƙe waɗannan iyalai, da inda ya gaza.

Daga Sallahu Zuwa Ganin Ido

A da, matafiyi yakan ba da sallahu ta bakin mai komawa gida, ko ya aika da wasiƙar ajami ko ta boko, wadda sau da yawa sai an nemi mai karantawa, sirrin gida ya fita. Daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset da aika gaisuwa ta filayen rediyo. Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya kawar da jinkirin saƙo, amma murya kaɗai ake ji. Da manhajar WhatsApp ta ƙara kiran bidiyo a watan Nuwamba na 2016, sai ganin fuska ya zo hannun duk mai babbar waya da data, ko bai iya karatu ba.

Muhimmancin wannan sauyi yana cikin karin maganar nan, gani ya kori ji. Gaisuwar Hausa tana da amsa guda: ko mutum yana kwance, “lafiya lau” zai ce. Murya tana iya ɓoye rama da damuwa, fuska kuwa ba ta iyawa. Uwa takan gane halin ɗanta da kallo ɗaya, shi ma ya ga ko jikin tsohuwa ya yi sauƙi da gaske. Haka nan uban da ke nesa yakan ga jaririnsa ranar suna, yaro kuma ya tashi da sanin fuskar kakanninsa, yana jin Hausa daga bakinsu ko da a Jidda ko Landan aka haife shi.

Kunya da Ladabi a Gaban Kyamara

Ganin ido yana zuwa da nasa nauyi. A al'ada, yaro yakan durƙusa ya sunkuyar da kai idan zai gai da babba, alhali kiran bidiyo yana sa fuskoki biyu su fuskanci juna kai tsaye. Wannan yana da wuya tsakanin surukai, da tsakanin iyaye da ɗan fari, inda alkunya ta hana sakewa. Saboda haka wasu sukan kawar da ido ko su zaɓi kiran murya. Mace kuma takan nemi mayafi kafin ta amsa, domin kyamara tana shigar da baƙo har cikin ɗaka ba tare da ya tsaya a zaure ba.

Cikas

Kiran bidiyo ya fi kiran murya cin data, yana kuma buƙatar sabis mai ƙarfi da caji, abubuwan da suka yi ƙaranci a karkara. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. A Sudan kuwa, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kai ga katsewar intanet a yawancin ƙasar a watan Fabrairu na 2024, lokacin da dangi suka fi buƙatar jin labarin juna.

Kammalawa

Kiran bidiyo ya rage kewa da zullumi, amma bai sauke wajibcin ziyara ba. Wanda ya yi ta'aziyyar makusanci ta waya, har yanzu ana sa ran ya tako gida idan ya sami hali, domin zaman makoki da ɗaukar ɗawainiyar biki sai da jiki. Abin da ya rage ga manazarta shi ne bibiyar yadda kalmomin gaisuwa da dokokin kunya suke sauyawa a wannan sabon fage.