Ƙaramin Lantarki a Jikin Doki da Kare: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

A Amurka da ƙasashen Turai ana sayar wa masu dawaki da karnuka wata 'yar na'ura mai batir, wadda ake manna wayoyinta a fatar dabba ko a ɗaura ta a ƙafa, ta riƙa tura lantarki mai rauni cikin jiki. Sunan wannan jiyya maikurokarent. Tallarta na yawo a intanet, tana kuma isa ga duk mai dokin folo ko na hawan sallah da ke riƙe da waya. An ce tana kashe zafi, tana sace kumburi, tana haɗa jijiyar da ta yage. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe, wasu an miƙa su fiye da inda hujja ta tsaya, wasu kuwa suna iya jawo asarar dabba.

An ce dabba ba ta jin wutar

Galibi haka ne. Ana auna ƙarfin wannan lantarki da maikuro-amfiya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, kuma ba ya wuce 1,000. Na'urar TENS da ake sa wa masu ciwon baya ta ninka shi ƙarfi sau da yawa, shi ya sa ake jin tsikarinta a fata. Doki kan tsaya yana cin harawarsa alhali na'urar tana aiki a ƙafarsa. To amma rashin jin zafin abu bai tabbatar da cewa yana warkarwa ba.

An ce jiki da kansa yana da lantarki

Wannan ma gaskiya ne. Tun ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Emil du Bois-Reymond, ya auna lantarki yana fita daga yankan da ke yatsarsa. Bincike na baya ya nuna cewa wannan lantarki na bakin rauni yana taimaka wa ƙwayoyin fata su doshi wurin da za su rufe. A kan wannan aka gina tunanin cewa ƙara ɗan lantarki daga waje zai hanzarta warkewa. Tunanin yana da ma'ana, saura a tabbatar da shi a jikin dabba mai rai.

An ce tana ninka kuzarin ƙwayoyin jiki sau biyar

Nan ne ƙarin gishirin ya fi yawa. Adadin ya fito ne daga binciken da Ngok Cheng da abokan aikinsa suka wallafa a 1982. Sun ga sinadarin ATP, wanda ƙwayoyin jiki ke aiki da shi, ya ninka har sau biyar, sannan ya ja baya da aka ƙara wutar sosai. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne a kan fatar ɓera aka yi gwajin, fatar da aka cire aka ajiye a ɗakin bincike. Jijiyar doki mai nauyin kilo 450, wadda ke ƙarƙashin gashi da fata tana ɗaukar nauyinsa a guje, wani abu ne daban. A 2006 masana a Holan sun gwada lantarkin a kan ƙwayoyin jijiyar doki a cikin kwano. Ƙwayoyin sun ƙaru, amma da aka maimaita sawa, yawan waɗanda ke mutuwa ma ya ƙaru. Ke nan maganar cewa gwargwadon yawan sawa gwargwadon amfani ba ta da tabbas.

An ce kimiyya ta tabbatar da ita ga dawaki da karnuka

Ba ta tabbatar ba. A ƙarshen 2022 masana daga Finlan da Suwidin sun wallafa nazari a mujallar Animals, inda suka tattara binciken da aka yi kan jiyyar lantarki iri-iri ga doki da kare da kyanwa. Sun tarar hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba: dabbobin da aka gwada kaɗan ne, tsarin gwaje-gwajen da yawa kuma yana da rauni. Haka nan, in an rubuta sunan hukumar FDA ta Amurka a kwali, a sani cewa hukumar ba ta tilasta a kawo mata na'urorin dabbobi ta tantance kafin su shiga kasuwa.

An ce masu dabbobi sun gani da idonsu

Ba ƙarya suke yi ba, sai dai ido yana ganin abin da zuciya ke so. A 2012 masana biyu, Conzemius da Evans, sun wallafa bincike kan karnuka masu ɗingishi saboda amosanin gaɓɓai, waɗanda aka ba su maganin da babu komai a cikinsa. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambayi masu karnukan, sun ce sun ga sauƙi, likitoci ma sun faɗa tarkon. Faifan da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a ƙafa kuwa bai nuna an samu sauyi ba. Ga shi kuma mai sa na'ura kan hutar da dabbarsa, ya gyara mata shimfiɗa, ya riƙa duba ta safe da yamma. Hutun kaɗai yana iya kawo sauƙin da za a jingina wa na'ura.

An ce ba ta da illa, kuma ta wadatar

Wannan ce maganar da ta fi damuna. Ba a sa lantarki a kan ƙari na ciwon daji, ko cikin goɗiya ko karya mai ciki, ko kusa da ido, ko ga dabbar da aka dasa wa na'urar bugun zuciya. Babbar illar kuwa ita ce ɓata lokaci. Dokin da ya ƙi taka ƙafa yana iya zama da ƙusa a kofato, ko ƙurji, ko tsagewar ƙashi. Wanda ke birgima yana waiwayen cikinsa likita yake buƙata a wannan sa'ar. Jijiyar bayan ƙafa in ta yage takan ɗauki wata tara zuwa shekara, kuma kumburi yana sacewa tun jijiyar ba ta yi ƙwari ba. Mai doki ya ga ƙafa ta yi sumul, ya yaba wa na'ura, ya ɗaura sirdi, jijiya ta sake yagewa fiye da da.

Wanda ke son gwada na'urar yana iya gwadawa, bayan likitan dabbobi ya gano ainihin ciwon, ya kuma amince. Kada a ajiye maganin da aka rubuta saboda ita, kada kuma a gajarta hutu. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayarwa a kan wace dabba aka yi gwajin, guda nawa, da wa aka kwatanta su. In ya kasa amsawa, kuɗin sun fi amfani wajen hoton ƙafa da ganin likita.