Kambu Huɗu a Aji Ɗaya, ko Kambu a Aji Takwas?

Ranar 18 ga Mayun 2024, a birnin Riyad na Saudiyya, Oleksandr Usyk ɗan ƙasar Yukren ya doke Tyson Fury da maki bayan turmi 12, duk da cewa Fury ya fi shi nauyi da sama da kilo 17. A daren nan manyan kambunan ajin masu nauyi suka taru a hannun mutum ɗaya, abin da rabon a gani tun 1999, lokacin da Lennox Lewis ya ci Evander Holyfield. Ba a yi wata biyu ba ɗaya daga cikin kambunan ya kuɓuce wa Usyk, ba tare da kowa ya taɓa lafiyarsa ba. Hukumar IBF na son ya kara da wanda ta ware masa, shi kuwa akwai yarjejeniyar sake dambatawa da Fury a gabansa, dole ya ajiye kambun.

Hukumomi huɗu ne ke naɗa zakarun duniya a damben boksin: WBA, WBC, IBF da WBO. Ƙaramarsu, WBO, sai a 1988 aka kafa ta. Azuzuwan nauyi kuma, waɗanda a da takwas ne kacal, sun kai 17. Idan aka lissafa, kambu 68 ke nan, ba a ma sa ƙananan da WBA ta riƙa ƙirƙirowa a aji guda ba. Kowane aji ya zama masarauta mai sarakuna huɗu, kowa da makaɗansa. Daga nan hanyar neman suna ta rabu biyu. Wani ya tsaya a ajinsa ya tattare kambunan huɗu, ya zama zakaran da ba a jayayya a kansa. Wani kuma ya riƙa ƙara nauyi yana hawa, yana tsinko kambu a kowane aji.

A hanya ta biyu babu kamar Manny Pacquiao na Filifin. A 1998 ya ci kambunsa na farko a Tailan, a ajin da iyakarsa ba ta kai kilo 51 ba. A 2010 ya lakaɗa wa Antonio Margarito duka ya ɗauki kambun ajin da iyakarsa ke dab da kilo 70. Azuzuwa takwas ake ƙirga masa, kuma har yau babu na biyunsa. Oscar De La Hoya ya tsaya a shida, Floyd Mayweather a biyar. Abin ba wasa ba ne, domin naushin da ke kayar da mai kilo 55 ba lallai ya girgiza mai kilo 67 ba, kuma saurin hannu yakan ragu idan jiki ya ƙaru.

Sai dai ƙidayar azuzuwa tana da ƙofar baya. Tunda zakaru huɗu ne a kowane aji, ɗan dambe da mai shirya masa wasa suna iya duba wanda ya fi rauni su nufe shi, ko su jira kambun da ba kowa a kansa. Adrien Broner ya ci kambu a azuzuwa huɗu, amma da wuya a sami masanin dambe da zai jera shi da Marvin Hagler, wanda ya zauna a matsakaicin aji daga 1980 zuwa 1987 yana kare kambunsa har sau 12. Roy Jones ya burge duniya a 2003 da ya hau ajin masu nauyi ya ci John Ruiz, alhali kowa ya san Lewis ne mai gidan ajin a lokacin. A ƙananan azuzuwa kuwa tazarar wani da wani ba ta kai kilo biyu ba. Shi kansa Pacquiao, damben Margarito an yi shi ne a kan nauyin da aka daidaita ƙasa da iyakar ajin.

Wani abin lura game da takwas ɗin nasa: biyu daga ciki ba kambun hukumomin nan huɗu ba ne. Da ya doke Marco Antonio Barrera a 2003 da Ricky Hatton a 2009, abin da ya karɓa shi ne matsayin wanda ya kayar da gwanin aji. Duk da haka masu bin dambe sun fi tuna daren Barrera a kan wasu kambunan da ya rataya a kafaɗa.

Haɗa kambu huɗu ya fi wuyar yi wa dabara. Dole a bi ta kan duk wanda ke riƙe da ɗaya, ko a ci wanda ya riga ya tara su. Wahalar ma ba a cikin fage kaɗai take ba. Kowace hukuma tana da ɗan takarar da take tilasta wa zakaranta ya kara da shi, kowace tana yankar kasonta daga kuɗin ɗan dambe, ga masu shirya wasa da gidajen talabijin da ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa sai a 2004 aka sami wanda ya fara riƙe duka huɗun, wato Bernard Hopkins, bayan ya kwantar da De La Hoya da naushi a haƙarƙari. Mayweather ya yi dambe 50 ba a ci shi ba, bai taɓa haɗa su ba. Pacquiao ma haka.

Idan za a auna su a sikeli ɗaya, haɗa kambunan ya fi nauyi, domin yana amsa tambayar da mai kallo ke yi: wane ne gwanin wannan aji? Amma shi ma gwargwadon ajin ne. Lokacin da Terence Crawford ya haɗa huɗun a 2017, Julius Indongo na Namibiya ya ci, a turmi na uku, kuma ba a ɗauki abin da girman da aka ba nasararsa a kan Errol Spence a 2023 ba. Kambunan iri ɗaya ne, abokan karawar ne suka bambanta. Haka Naoya Inoue na Japan ya rufe ajinsa a 2022 da Paul Butler, wanda ya shafe daren yana kare fuska. Sannan a 'yan shekarun nan kuɗin Saudiyya sun sa manyan da ke guje wa juna sun yarda sun haɗu, har abin ya daina zama na sau ɗaya a shekara goma.

Mutanen da can ba su san wannan gardama ba, don a zamaninsu hanyoyin biyu ba su rabu ba. Henry Armstrong ya riƙe kambun azuzuwa uku a lokaci guda a 1938, uku cikin takwas da ake da su. Dick Tiger na Najeriya ya kare kambun matsakaicin aji a hannun Gene Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agustan 1963, sannan a ƙarshen 1966 ya hau aji na gaba ya ƙwace na José Torres a New York. A duka biyun shi ne zakara, ba wani a gefe mai iƙirarin sarautar.

Manyan 'yan damben 'yan shekarun nan wannan sawun suka bi. Usyk ya share ajin da ke ƙasa da na masu nauyi a 2018 kafin ya hau sama, kuma a Yulin 2025 ya karɓo kambun IBF ɗin nan daga hannun Daniel Dubois a Wembley. Inoue ya haɗa huɗun a aji na biyu a Disambar 2023. Crawford kuwa, yana da shekara 37, ya tsallake aji guda cur ya je ya sami Canelo Álvarez na Meziko a ajinsa, a Las Vegas, cikin Satumbar 2025. Alƙalan wasan uku duka shi suka ba, ya zama namiji na farko a zamanin kambu huɗu da ya haɗa su a azuzuwa uku.