Sauya wa bindigar farauta gidan harsashi: Abin da bidiyon waya bai faɗa wa matasan Dakoro ba

Duk matashin da ke yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da irin bidiyon: wani Ba'amurke a shagonsa, ga bindigar farauta a kan tebur, ya kwance ƙasanta ya ɗaura mata gidan harsashi na cire-mayar, cikin 'yan mintoci ya gama yana murmushi. A can, harka ce ta masu sha'awar farauta. Amma bidiyon ba ya tsayawa a can. Yana isowa wayoyin matasa a Maraɗi da Kornaka da Dakoro, inda bindiga take da wata ma'ana dabam.

Mene ne ake sauyawa?

Bindigar da ake magana a kanta ita ce mai sakata. Bayan kowane harbi sai mai ita ya ja sakatar da hannu ƙwanso ya fita, ya tura ta wani harsashin ya hau. Mauser 98 ta Jamus da MAS-36 ta Faransa, wadda sojojin mulkin mallaka suka riƙe a wannan yanki, duk irinta ne. Kowaccensu harsashi 5 take ɗauka, a wani gida da ke manne a cikinta.

Sauyin shi ne a mayar da wannan gida ya zama wanda ake zarewa a sa wani. Bindigar ba ta komawa mai sarrafa kanta, ba ta ƙara nisa, ba ta ƙara saiti. Abin da maharban Turai da Amurka ke nema shi ne sauƙin sauke harsashi kafin su shiga mota, da saurin sake ɗurawa. Su kansu suna kuka da matsalolinsa: gidan yakan faɗi a daji ba a sani ba, kuma idan bai zauna daidai ba harsashi yakan maƙale.

Ko a ƙasashen da aka saba da wannan aiki, yawan harsashi na iya sauya matsayin bindiga a gaban doka. A Faransa, bindigar farauta mai sakata tana rukunin da ake yi wa rajista kawai muddin ba ta wuce harbi 11 ba. Da zarar ta wuce, ta shiga rukunin da sai da izini na musamman.

Me ya rage a dajin?

Maharbin ƙauye a ƙasar Dakoro ya fi sanin bindigar toka da harba-ka-ruga ta maƙera, sai karnuka da gora. Abin da yake samu bai wuce zomo da zabon daji da fakara ba. Wanda ya harbi zomo ya kuskure, ba harsashi goma zai dawo masa da shi ba.

Manyan namun da ake ƙera irin waccan bindiga dominsu kuwa sun yi ƙaranci. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 mai faɗin hekta 76,000, yana arewa da Dakoro, a yankin Bermo da aka cire daga gundumar a 2011. Fari da farauta sun ƙarar da raƙuman dawan wurin a wajajen shekarun 1970. Sai a 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka sake su a gandun, shekara guda bayan UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa. An haramta farauta a cikinsa, kuma dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan.

Saboda haka tambayar da jami'in gandun daji ko jandarma zai yi wa wanda ya kama da bindiga mai gidajen harsashi biyu ko uku a aljihu ita ce: me kake shirin harbi?

Ƙasar da noma da kiwo suka haɗu

Wannan tambaya tana da nauyi a Dakoro. Ta cikin yankin kwarin Tarka ya ratsa, kuma nan kusa iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo take. Kowace kaka garkunan Fulani da Buzaye na gangarowa kudu, wani lokaci tun amfanin gona bai bar gona ba. Akasarin saɓanin a gaban hakimai da masu gari yake ƙarewa. Jihar Maraɗi dai ba ta manta da Toda ba, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara.

Daga kudu kuma ga matsalar 'yan bindiga. Tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, satar shanu da garkuwa da mutane suka biyo bayansu. A irin wannan yanayi ba a raba bindigar farauta da ta faɗa da sunan da mai ita ya kira ta. Daƙiƙun da ake ɓatawa wajen ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya su ne wani lokaci ke bai wa mai raba faɗa damar shiga tsakani.

Doka da masu aiko da saƙo

A Nijar ba a mallakar bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma da nata lasisin. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma a Agadas aka ƙona makamai a bikin wutar zaman lafiya na ranar 25 ga Satumban 2000. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta haɗa har da harsasai da sassan bindiga. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta soke dokokin cikin gida ba. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba.

Nan ne 'yan uwa mazauna ƙetare ya kamata su yi hattara. Gidan harsashi ƙaramin abu ne, a wasu jihohin Amurka ana sayensa a kanti ba tare da wata takarda ba. Fitar da shi daga ƙasar kuwa sai da lasisi, kuma idan duwan suka tsince shi cikin kaya a filin jirgin Diori Hamani, ba za su ɗauke shi a matsayin tsaraba ba. Ƙanin da aka rubuta sunansa a kan kwalin shi zai fara amsa tambayoyi.

Haka shi ma maƙerin da aka kai wa aikin. Ƙarfen da aka yanke da zato aka gyara da magagari ba ya jure abin da na masana'anta ke jurewa, kuma fuskar mai harbi tana dab da wurin. Idan bindigar ta yi ɓarna, ko a hannun mai ita ko a jikin wani, sawun maƙera za a bi.

Wanda ya gaji tsohuwar bindiga daga mahaifinsa, abin da ya fi masa shi ne ya je ofishin jandarma ya tambayi matsayin takardunta, kafin ya tambayi kowa yadda ake sauya mata ciki.